Ƙofar da Za Ka Ƙwanƙwasa a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, autana Nura.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare min kai a hanya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Da hannuna na rubuta ta, ban ba yayarka Hauwa'u ba kamar yadda na saba, don haka ka yi haƙuri da rubutun, ka san ajin da na tsaya. In ka gama karantawa ka ƙona ta kafin ka shiga jirgi. Abin da ke cikinta a ka ake ɗaukarsa, ba a jaka ba.

Ranar da ka zo Funtuwa ka same ni a tsakar gida ina tsince wake. Kawunka Sani ya fita ke nan, bayan ya gama nanata cewa sai an ɗaura maka aure kafin asibitin Jidda su turo maka tikiti. Ka durƙusa kusa da ni ka ce, "Umma, ni ba zan iya auren mace ba. Na yi azumi, na yi addu'a, na yi duk abin da na sani. Zuciyata maza take so, tun ina yaro haka take." Ni kuwa na ce maka, "Miƙo min farantin can." Ka miƙo, ka tashi, ka tafi tasha idonka jajir.

Na ji ka, Nura. Ba kalmar da ta wuce ni. Bakina ne ya yi nauyi, kuma ba ranar na fara sani ba. Amsar da ban ba ka ba a tsakar gida, ga ta nan.

Ni ba malama ba ce. Abin da malamai ke faɗa a kan wannan na ji, kai ma ka ji, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa bai taɓa damuna ba. Wannan tsakaninka ne da Ubangijinka, shi ya halicce ka, ya fi ni saninka. Abin da ke hannuna shi ne ni na haife ka, kuma ba zan naɗe hannu in bar ka ka shiga a makance garin da na sani kamar yunwar cikina ba. Na riga na ƙudura: za ka je, ka yi aikinka, ka sami mutanenka, ka dawo min da ƙafafunka.

Na san kana karanta labarin biranen Turawa a waya, inda irinku ke da unguwanninsu, har da tuta a ƙofar shago. Cire wannan daga ranka. A Jidda babu unguwar da za ka shiga ka saki jiki haka. Dokar ƙasar mai tsanani ce a kan wannan, kuma baƙo baƙar fata da ya zo neman abinci shi ne wanda ba a shan wuyar ɗauka. Unguwa babu. Amma akwai gidaje. Na ci abinci a ɗaya daga cikinsu shekara da shekaru. Kafin in kai ƙofarsa sai da na yi ɓatan kai, shi zan ba ka labari don kada ka maimaita.

Da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa, kana ɗan ƙarami, na bar ku wurin Inna, mahaifiyata, na tafi umara ban dawo ba. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne irin zaman da na yi. Na sauka a Mahjar, kudancin garin, a gidan 'yan Funtuwa, don a ganina inda naka suke nan ne tsira. Mun cika gidan maƙil, mata da yara, labule ne ke raba ɗaki biyu. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan ci amanar tuwonsu ba. Su suka nuna min inda ake samun gero da kuka, su suka ara min tandar da na fara waina da ita. Sai dai ba na yin tari a gidan nan Funtuwa ba ta ji ba. Wata rana wani direba Basudane ya rage min hanya daga kasuwa saboda buhun shinkafar da na ɗauko. Ko sunansa ban sani ba. Ba a jima ba kakarku ta wajen uba ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne na yi aure a ɓoye, har ta ce a karɓe ku daga hannun Inna. A shagon buga waya na tsaya ina rantsuwa ina kuka, mai shagon yana kallona.

Ba mugunta ce ta sa matan gidan ba. Mutum ne a ƙasar da ba tasa ba, ba shi da abin hira sai na kusa da shi. Amma ka auna: rage hanya kawai aka yi min ya kusa raba ni da ku. Ina ga naka?

Na ji Kawunka ya riga ya yi magana da wani ɗan garinmu za ka sauka a gidansa. Ka yi godiya, kada ka zauna. Ka je ka gaishe su, ka je suna, ka je jana'iza, in wani ba lafiya ka duba shi, kai ma'aikacin asibiti ne, za su buƙace ka, kai ma za ka buƙace su. Amma inda kake kwana kada ya zama inda ake lura da shigarka da fitarka. Ka fara da masaukin asibiti, ko da za ku raba ɗaki da wasu. In ka san gari, ka nemi shiƙƙa, wato ɗaki da falo a bene, a ginin da ya tara ƙabilu daban-daban, masu aikin safe da masu aikin yamma, kowa ya dawo a gajiye da nasa. Kafin ka duba famfo da na'urar sanyi, ka duba haris, mai gadin ginin. Ka saya masa shayi ka zauna kusa da shi. In kafin kofin ya huce ya ba ka labarin mutumin hawan sama da matar da ke zuwa wurinsa, ka yi masa sallama ka nemi wani ginin.

Ni da na tashi daga Mahjar sai na faɗa ɗaya gefen. Na kama ɗaki a Balad, tsohon gari, a saman wani gidan dutse mai tagogin katako da suka girmi kakata. Na ce na gama da mutane. In soya waina da sassafe, in sauka in sayar wa 'yan dako da masu shaguna, in hau in rufe ƙofa. Wanda ya gaishe ni a matakala in amsa a taƙaice in wuce. Na ɗauka wayo ke nan.

Sai zazzaɓi ya kama ni, irin na sauron garin nan mai sa ka ji kamar ana farfasa ƙasusuwanka. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, don haka ko tunanin asibiti ban yi ba. Na kwanta, ko kofin ruwa ba na iya ɗagawa. Ban san iya kwanakin da na yi a haka ba. Abin da na tuna shi ne bugun ƙofa da hantsi, da muryar namiji yana cewa, "Mai waina! Lafiya kuwa? Unguwa ta daina ƙamshi." Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Sai na ji wata muryar ta ce, "Yalla, maza, Isiyaku, ɓalle ta. Ni zan kira kafinta."

Su biyu ne mazauna ƙasan gidan. Isiyaku tela ne, mutumin Haɗejiya, siriri, tabarau a ƙarshen hanci. Saleh kuwa direba ne, haifaffen Jidda, kakanninsa ne suka je aikin hajji da ƙafa suka zauna, Hausarsa rabi Larabci. Unguwa ta san su a matsayin 'yan uwa. Da suka ga halin da nake ciki ba su tsallako ɗakin ba. Saleh ya ruga unguwar Hindawiyya ya ɗauko yayarsa Zainab, ita ta wanke ni ta canza min zane. Isiyaku ya dama kunu ya miƙo daga bakin ƙofa. Wani abokinsu Basudane mai aiki a kantin magani ya zo ya ɗaura min ruwa. Da mutumin da nake amsa wa gaisuwa da ƙyar bai lura da rashin ƙamshi ba, da wari ne zai sanar da su.

Na san halinka, Nura. Kai mai shiga ɗaki ne ka ja ƙofa. Kana karanta abin da na faɗa a kan doka za ka ce shi ke nan, daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai waya, har kwantiragi ya ƙare. Ban yarda ba. Wannan ma halaka ce, a hankali kawai take cin mutum. Dole ne a sami wani a garin nan da in bai gan ka ba zai tako ya buga maka ƙofa.

Da na warke Isiyaku ya ce in riƙa saukowa cin abincin Juma'a. In an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa leda a falonsu. Saleh ya dafa shinkafa da kifi irin na mutanen Jidda, Isiyaku ya tuƙa tuwo da miyar kuka, don shi a wurinsa shinkafa ba ta riƙe ciki. Basudanen nan na kantin magani yana zuwa, da wani nas ɗan Filifin mai dariya da duk jikinsa, da wasu Hausawa masu sayar da turare, ga Zainab da 'ya'yanta suna tsalle a kan kujeru. Ba giya, ba kiɗa mai ƙarfi, ba abin da zai sa maƙwabci ya ɗaga kai. Amma na lura mazan nan in sun shigo kamar sun sauke wani kaya ne a bakin ƙofa. Kafaɗa ta sauka, murya ta canza. Mai turaren da a kasuwa yake magana kamar soja, a nan yana tafa hannu yana kwaikwayon hajiyoyin da ke taya masa kaya, mu yi ta dariya har mu riƙe ciki.

Ban gane ba sai wata Juma'a da na ga Isiyaku yana cire ƙaya daga kifi, yana ta gardamar ƙwallo da Basudanen, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya gama ya tura tsokar gaban Saleh. Shi kuma Saleh ya janye gwangwanin sukari daga gabansa ya ce, "Halas, shi ke nan, likita ya hana." Na yi zaman aure, Nura, na san wannan hannun.

Na bi Zainab kicin na ce, "Yaya Zainab, mutanen nan biyu fa..."

Ba ta juyo daga wankin tukunya ba. Ta ce, "Ya Rabi, wa ya ɓalle miki ƙofa?"

Na ce, "Su ne."

Ta ce, "To. Ni ƙanena ne. Mama ta sani kafin ta rasu, ta ce in riƙe shi. Tunda kike zuwa gidan nan kin ga abin da ya cuce ki?"

Na ce a'a.

"Halas. Ɗauraye kofunan nan."

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗauke ƙafa na ɗan lokaci. Ina jiyo hayaniyarsu daga sama ina cin abincina ni kaɗai. Kowace Juma'a kuma sai in tarar da kwano a rufe a bakin ƙofata, ba saƙo, ba tambaya. Kwanuka suka taru. Na zauna na tambayi kaina abin da nake gudu. Mutanen nan suna sallah, suna azumi, ban taɓa ganin sun ci haƙƙin kowa ba, sauran kuma ba ni aka naɗa alƙali a kai ba. Na wanke kwanukan na sauka da su. Isiyaku ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kin makara, kifi ya kusa ƙarewa." Iya abin da aka taɓa faɗa ke nan a kan ɗauke ƙafar tawa.

Irin wannan gidan nake so ka nema. Ga yadda ake gane shi. Da rana ake taruwa, a kan abinci. Akwai mace ko dattijo a ciki da ake jin nauyi. Mutanen sun daɗe da juna, kowa da sana'arsa, kowa yana da abin da zai rasa in magana ta fita. Ba mai tambayarka ko kai wane iri ne, ba mai matsa maka ka faɗa. Kuma ba a samunsa da tambaya kai tsaye, sai da zama da mutane. Ka ci ful, dafaffen wakensu, da burodin tamis da abokan aikinka in kun tashi. Ka je bakin teku da yamma inda iyalai ke shan iska. In an gayyace ka kallon ƙwallo ka je, ko ba ka so. Duk inda ka zauna ka saurari yadda mutum ke maganar wanda ba ya wurin. Wanda ya tona maka asirin wani don ya burge ka, naka ma kasuwa zai kai shi. Wanda aka yi ba'ar ɗan daudu a gabansa ya ƙi dariya ya sauya zance, ka riƙe fuskarsa. Amma ko shi kada ka yi gaggawar buɗe masa ciki. Sai ka gan shi cikin fushi, ka gan shi ranar da aka ɓata masa a wurin aiki, ka ga me bakinsa ke yi a lokacin.

Gaggawar nan ita ta fi komai yi mana ɓarna. Wani saurayi mai suna Kamalu ya fara sayen waina a wurina. Tsaf-tsaf da shi, jallabiya a goge, ga ladabi, Umma yake ce min. Ya ce ba shi da kowa a garin. Wata rana ya sunkuyar da kai ya ce shi duk inda ya shiga ba ya jin daidai yake da sauran maza. Na tuna kwanciyata a ɗakin sama, tausayinsa ya kama ni. Ban tambayi masu gida ba, wata Juma'a na shigo da shi. Na ga Saleh ya dubi Isiyaku. Amma baƙo ya riga ya zauna a gaban abinci, ba a tashinsa.

Ya yi ta zuwa. Ya iya hira, ya iya yabon girki. Lokacin wayoyi masu hoto sun fara yawa, tasa kullum a hannu, wai abinci yake ɗauka ya tura wa mahaifiyarsa. Wata safiya ya je shagon Isiyaku ya nuna masa hotuna. Ba wani abin kunya a ciki, hannu ne a kafaɗa, kai a jingine, mutane suna dariya. Amma ya ce ya san inda zai kai su, ya san bayanin da zai ɗora a kai. Ya ce a toshe masa baki.

Isiyaku ya ƙi. Ya ce da mu, "In na ba shi yau, na saya wa kaina ubangida har in mutu. In ya gama da ni kuma zai bi sauran ɗaya bayan ɗaya." A ranar ya aika wa kowa kada a zo Juma'a. Shi Kamalu da ya duba ya ga yana cikin zaman da yake son kai ƙara, wutar za ta iya cin rigarsa, sai ya bi hanya mai sauƙi. Isiyaku kamar ni yake, ba shi da iƙama. Da hantsi motar kame ta tsaya a layin, ba su shiga shagon kowa ba sai nasa. Ina tsallaken titi da tandata. Ya fito da tef ɗin awo a wuya, ya hango ni, ya yi min alama da ido in bar wurin. Aka wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Saleh ba shi da bakin da zai je ya ce ga abin da mutumin nan yake a wurinsa. A matsayin maƙwabci ya riƙa kai masa kaya da magani. Ya rame, ya daina girki. Bayan an tafi da Isiyaku ya tara mu a gidan Zainab ya ce ya sayar da motarsa, ya gama shirin tafiya.

Zainab ta dafe kai. Ta ce, "Ya Saleh, inta majnun? Ka haukace ne? A nan aka haife ka, a nan kabarin Mama yake. In ka ajiye iƙamarka ba dawowa. Ba ka taɓa ganin Najeriya ba. Ba ka san kowa ba a can."

Ya ce, "Na san mutum ɗaya."

Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tashi ta fara haɗa masa kaya.

Da Isiyaku ya isa gida Najeriya ya huta gajiya, ya kira ni a waya. Na buɗe baki ya tare ni. Ya ce, "Rabi, ke baƙo kika kawo ya ci abinci. Abin da ya yi nasa ne. Sai dai nan gaba ki fara tambayar masu gida." Kamalu kuwa ya ɓace daga Balad, ban sake sa shi a ido ba.

To ka ji. Duk gidan da aka buɗe maka, rayukan mutane ne a ciki, ba naka kai kaɗai ba. Kada ka kai kowa sai da izini, ko da kana jin za ka iya rantsuwa a kansa. Kada ka bari a ɗauke ka hoto a irin wannan zama, kada ka ɗauki wani. Yanzu ma abin ya fi na zamaninmu, don Kamalun yau ba sai ya zo sayen waina ba. Yana cikin wayarka, da hoton da ba nasa ba da magana mai daɗi. Wanda ba ka taɓa gani da rana a cikin mutane ba, wanda ba wani naka da ya san shi, kada ka je ɗakinsa, kada ka kawo shi naka, kada ka faɗa masa asibitin da kake aiki. Takardunka su kasance tsaf kullum. Kai ka fi mu sa'a, da iƙama za ka zauna, asibitin ne kafilinka, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar. Ka riƙe aikin nan da kyau, kada ka bar wa kowa kafar da zai shigo ta nan. In kuma duk da haka wani ya zo maka da barazana, kada ka biya, kada kunya ta sa ka haɗiye. A ranar ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi, ka kira ni. In ta kama ka bar garin, ka bar shi ba waiwaye. Aiki ana samun wani. Nura kuwa guda ɗaya gare ni.

Babbar da nake nufi ita ce Zainab. Na yi waya da ita. Ta tsufa, gwiwa ta sa ta gaba. An rushe ɓangarensu na Hindawiyya, ta koma arewacin gari wurin babbar 'yarta, ta ce in na je yanzu ba zan gane hanya ba. Amma tun da Saleh ya tafi ta ɗauke abincin Juma'ar ta mayar gidanta, har yau ba ta fasa ba. Basudanen yana nan da furfurarsa, akwai kuma sababbin fuskoki da ta tace da kanta. Ban faɗa mata komai a kanka ba, wannan naka ne, ka faɗa ko ka bari. Cewa kawai na yi autana zai zo aiki. Sai ta ce, "Yana cin kifi?"

Lambarta da baki zan ba ka ranar da zan raka ka filin jirgi. Na ɗaure mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ka kai mata hannu da hannu. Ka kira ta Khala, haka 'ya'yan can ke kiran ƙawar uwa. Jikokinta suna jin Hausa amma da Larabci za su amsa maka, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Ba na cewa a gidanta za ka sami abokin rayuwa, wannan ban sani ba, kuma ba ni zan zaɓa maka ba. Na dai ce za ka sami inda za ka zauna ka ci abinci ba tare da kana auna kowace kalma ba.

Batun Kawunka ka bar min shi. Zai yi faɗa, zai ce ni na sangarta ka, zai kai ƙarata wurin dangi. Matar da ta soya waina a titin Balad tana duba hagu da dama saboda motar kame, ba muryar Sani ce za ta girgiza ta ba. Zan ce masa yaro ya tafi neman abinci, maganar aure ba ta taso ba, kuma zan yi ta maimaitawa har ya gaji. Abu ɗaya nake roƙonka: kada wata rana gajiya da surutu ta sa ka ɗauko 'yar mutane ka ajiye a ɗaki don a rufe baki. Ita ma uwa ce ta haife ta, ita ma tana son a so ta. In ka yi haka, a nan ne za mu ɓata.

Kada ka bar sallah. Kada maganar kowa ta sa ka ji masallaci ba naka ba ne. Makka tana kusa da kai, ranar hutu ka je ka yi ɗawafi, in kana da kuka ka yi shi a can. Ka yi wa mahaifinka addu'a.

Ka tuna bayan na dawo gida, kana sakandare, na ɗauke ka muka yi doguwar tafiya a mota wai a auna ka kayan sallah? Kana ta ƙorafi, ga teloli cike da Funtuwa me ya kai mu nesa. Ka tuna tsohon tela mai tabarau, da dattijon da ke dafa shayi a ƙofar shagon, wanda ya ce maka "Ahlan ya walad, sannu da zuwa yaro," ya tsinka na'ana'a ya jefa maka a kofi, ka yi ta dariyar Hausarsa a hanyar dawowa? Su ne. A lokacin na fara lura da kai, yadda kake yin shiru in sa'o'inka na zancen 'yan mata, yadda ka rage cin abinci kana zama kai kaɗai a bayan ɗaki. Ban san me zan ce maka ba. Sai na kai ka na zaunar da kai a benci tsakaninsu yini guda, don idonka ya gani cewa irinka yana tsufa, yana da sana'a, yana da mutunci a layinsu, yana da wanda zai kula ko ya ci ko bai ci ba.

Isiyaku ya rasu bara. Saleh ne ya yi jinyarsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Har yanzu kowace safiya yana buɗe shagon ya share, ko da yake ko allura bai iya zarewa ba.

Abin da nake nema maka ke nan, Nura. Ba ɓuya kawai ba. Tsufa nake nema maka, cikin mutanen da suka san ka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya rufa maka asiri, ya kare ka daga mai murmushi da mugun nufi, ya sa albarka a hannun da za ka taɓa marasa lafiya da shi. Ya ba ka maƙwabci nagari da aboki mai riƙe amana. Ni ban ga abin yafewa a wurinka ba, amma in kana son ka ji daga gare ni, na yafe maka duniya da lahira, na sa maka albarka. In ka sauka, ka kira ni kafin ka kira kowa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi